Yadda ake cin moriyar ofishin rajistar ƙirƙira, tun daga ranar da dabara ta faɗo maka

A ce mutum ya shafe wata shida yana fama da wani kan famfo da yake rufe kansa da zarar bokiti ya cika. Ya lalata guda huɗu, na biyar ya yi aiki. Abin da zuciya za ta fara raya masa shi ne ya ɗauki bidiyo ya ɗora a Facebook ko TikTok, jama'a su gani su sa albarka. To in har yana da niyyar neman takardar mallakar wannan ƙirƙira, bidiyon nan na minti ɗaya yana iya zama wuƙar da zai yanka kansa da ita. Da wannan famfo zan riƙa ba da misali har ƙarshe, domin matakan sun fi zama a kai idan akwai abin da ake gani.

Kafin matakan, a san irin cinikin da ake shiga. Gwamnati ba kyauta take rabawa ba. Kai za ka bayyana wa duniya yadda abinka yake aiki dalla-dalla, ita kuma ta ba ka ikon hana wasu ƙera shi ko sayar da shi ko shigo da shi ƙasar na wani lokaci, galibi shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙata. In lokacin ya cika, abin ya zama na kowa. Tsarin ya daɗe. Birnin Venice na Italiya ya kafa dokarsa tun 1474, da kariyar shekara goma. Ingila ta yi tata a 1624 da shekara 14, Amurka kuma ta ba da takardarta ta farko a 1790 ga wani mai suna Samuel Hopkins, kuma George Washington da kansa ya sa mata hannu. Wanda ya gane cewa ciniki ne zai fahimci dalilin da ya sa ofisoshin nan suke buɗe rumbunsu kyauta, suke rage kuɗi, suke haɗa mutane da lauyoyi: rabon jama'a a cinikin shi ne ilimin da ake bayyanawa, kuma ilimin da ba wanda ya karanta bai amfani kowa ba.

Mataki na farko: kame bakinka

Baki shi ke yanka wuya. Sharaɗin farko na samun takardar shi ne abin ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya, ta kowace hanya, kafin ranar da ka shigar da buƙatarka. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne har bayyanawar da kai kanka ka yi tana shiga lissafi. Bidiyo, jawabi a taro, maƙalar da ka buga, baje koli, sayar da guda ɗaya ga maƙwabci, duk bayyanawa ce. A Turai ba sani ba sabo a kan wannan, in ban da 'yan togaciya ƙalilan. Amurka tana ɗaga ƙafa na shekara ɗaya ga wanda ya bayyana abinsa da kansa, amma wannan sassaucin ba zai cece ka a ƙasashen da ba a san shi ba.

Idan dole sai ka nuna wa maƙeri ko injiniya ko mai zuba jari, ku fara sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. Ka kuma riƙa rubuta aikinka a littafi ɗaya, da kwanan wata da zane, har da gwaje-gwajen da suka ci tura. Littafin ba zai ba ka fifiko a kan wanda ya riga ka zuwa ofis ba, domin yau kusan ko'ina wanda ya fara shigarwa shi ne a gaba, ita ma Amurka ta koma kan wannan tsari tun Maris 2013. Amfaninsa shi ne nuna wane ne ya ƙirƙiri me idan gardama ta taso tsakaninka da abokan aiki. In kuwa ma'aikaci ne kai, kuma a bakin aiki dabarar ta fito, duba takardar ɗaukarka aiki tukuna. A ƙasashe da yawa mallakar tana komawa ga wanda ya ɗauke ka, ko da sunanka ne zai fito a matsayin maƙirƙiri.

Mataki na biyu: wace ƙofa ce taka?

Bayan sabunta akwai sharaɗi biyu. Kada abin ya zama wanda duk ƙwararre a wannan fanni zai iya hangowa ba tare da wahala ba, sannan ya zama ana iya ƙera shi ko aiki da shi. Gano wani abu da yake nan a halitta, ko ƙa'idar lissafi tsagwaronta, ba sa shiga. Sunan kayanka da tambarinsa kuwa rajistar alamar kasuwanci suke buƙata, kyan siffarsa na waje rajistar zane, littafi da waƙa kuma haƙƙin mawallafi. Wasu ƙasashe irin su Jamus da Sin suna da ƙaramar takardar mallaka ta shekara 10, mai sauƙin samu da saurin fitowa, wadda ta dace da 'yan gyare-gyaren kayan aiki.

Akwai kuma zaɓin yin shiru gaba ɗaya, a riƙe abin a matsayin sirrin sana'a. Ma'aunin a nan mai sauƙi ne. Idan abokin gasa zai sayi famfonka ya kwance shi da sukuddireba cikin minti goma ya gane komai, sirri ba zai yi maka rana ba, sai takarda. Idan kuma dabarar tana cikin yadda ake haɗa abin a bayan ƙofa, wanda ba a gani a jikin kayan, to a yi tunani sau biyu kafin a buga ta duniya ta karanta.

Mataki na uku: shiga rumbu ka yi bincike

A ganina nan ne babbar kyautar da ofisoshin nan suke ba jama'a, ta ma fi takardar kanta, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ofishin Turai, EPO, mai hedikwata a Munich, yana da rumbun Espacenet mai ɗauke da takardu fiye da miliyan 100 daga sassan duniya. Hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva tana da PATENTSCOPE. Ofishin Amurka, USPTO, yana da nasa, ga kuma Google Patents. Duk kyauta ne, kuma yawancinsu suna fassara takardun Sin da Japan da Koriya da na'ura, fassarar da ba ta da daɗin karatu amma tana isa a gane inda aka dosa.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya rubuta kalma biyu, bai ga komai ba, ya tashi yana murna cewa ba wanda ya riga shi. Masu rubuta waɗannan takardu ba sa kiran abu da sunansa na kasuwa. Abin da kake kira famfo, wani zai kira shi na'urar sarrafa kwararar ruwa. Saboda haka ka fara da jera duk kalmomin da za a iya siffanta abinka da su, ta fuskar aikin da yake yi, ba sunansa ba.

Sannan ka koma ga lambobin rukuni, nan asirin yake. Akwai tsarin rarraba ƙirƙire-ƙirƙire na duniya wanda yarjejeniyar Strasbourg ta 1971 ta kafa, ya kasa fasaha gida takwas, daga A zuwa H. Gidan A na buƙatun rayuwar yau da kullum ne, F na injiniyancin ƙarafa da injuna, H na lantarki. Famfuna da makamantansu suna ƙarƙashin F16K. Yadda ake yi: ka nemo takarda biyu ko uku da suka fi kusa da abinka, ka dubi lambobin rukunin da ke shafinsu na farko, ka sake bincike da waɗannan lambobin. Nan take za ka ga abin da kalmomi suka ɓoye maka, har da na harsunan da ba ka ji. Ga kowace takarda kuma rumbun yana nuna waɗanda suka gabace ta da aka ambata a cikinta, da waɗanda suka zo daga baya suka ambace ta. Bi wannan zare gaba da baya har sai ka ga takardun da kake cin karo da su sun fara maimaita kansu. Alamar ka kusa ƙure wurin ke nan.

Wajen karatu, fara da zane, domin cikin daƙiƙa kaɗan zai gaya maka ko takardar ta shafe ka. Daga nan ka tsallaka zuwa da'awowin da aka jera da lamba, wato jimlolin da ke fayyace ainihin abin da mai takardar yake neman mallaka. Ka buɗe jadawali: lambar takarda, shekara, abin da ya yi kama da naka, abin da ya bambanta.

Mai famfonmu zai tarar da abin da ba zai so ba. Amfani da abin da ke iyo a kan ruwa don rufe famfo tsohon zance ne, yana cikin tankin bayan gida na zamani. Ranar nan za ta yi ɗaci, amma gara ta zo yanzu da ta zo bayan an kashe kuɗin lauya. Kuma sau da yawa a nan ne mutum yake gano ainihin abin da ya ƙirƙira. Wataƙila sabon abin ba rufewar ba ce, yadda na'urar take maƙalewa a bakin kowane irin bokiti ne ba tare da kusa ko ƙugiya ba. To wannan ɗan ƙaramin shi za a nema wa kariya. Riba ta biyu kuma: duk takardar da wa'adinta ya ƙare, ko aka daina biya mata kuɗin sabuntawa, ko ba a taɓa yi mata rajista a ƙasar da kake aiki ba, dabararta halal ce gare ka a can. Sai dai ka tabbatar da matsayinta a rajistar ofishin ƙasar kafin ka zuba jari.

Mataki na huɗu: nemi taimakon da aka tanada

Matambayi ba ya ɓata. Tun 2009 WIPO take haɗa kai da ofisoshin ƙasashe wajen kafa cibiyoyin da ake kira TISC, yawanci a jami'o'i da cibiyoyin bincike, inda ake koya wa mutane binciken da na bayyana a sama, a kuma taya su. Tana da wani shirin da yake haɗa masu ƙirƙira marasa ƙarfi da lauyoyin da za su yi musu aiki kyauta, wanda aka fara gwadawa a Kolombiya da Maroko da Filifin kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. A Amurka dokar 2011 ta ƙarfafa irin wannan shiri na lauyoyin sa-kai, ga ɗakunan karatu da ofishin ya amince da su a jihohi daban-daban, ga ɗaliban lauya da suke rubuta buƙatu ƙarƙashin kulawar malamansu. Ofishin yana kuma rage kashi 60 cikin 100 na yawancin kuɗaɗensa ga ƙananan masu nema, kashi 80 ga mafi ƙanƙanta. Ragi irin wannan ba ya zuwa da kansa, sai ka nema, ka cike takardar da ke nuna ka cancanta.

A yi hattara da kamfanonin da suke tallar cewa za su mai da dabararka dukiya in ka biya kuɗin somin-taɓi. Matsalar ta kai har Amurka ta yi doka a 1999 da ta sa ofishinta yake wallafa ƙorafe-ƙorafen da aka kawo a kansu. Kafin ka miƙa wa kowa takardunka, tambayi ofishin ƙasarka ko yana cikin wakilan da aka amince da su.

Mataki na biyar: rubuta buƙatar

Buƙata tana da sassa huɗu: cikakken bayani, zane, taƙaitawa, da da'awowi. Bayanin dole ya isa ƙwararre a fannin ya ƙera abin ba tare da ya zo ya tambaye ka ba. Kada ka ɓoye wani sashe da sunan wayo, domin bayan an shigar ba a yarda a ƙara sabon abu. Abin da ka manta ya tafi. Don haka ka zuba duk nau'o'in da kake hange: na ƙarfe, na roba, mai sifirin, mara sifirin.

Da'awowi su ne shingen gonar, kuma a nan ne kuɗin ƙwararre yake halatta. Dubi bambancin. Idan ka rubuta cewa kana neman mallakar kan famfo na tagulla mai ƙwallon roba ja da ke rufe ruwa idan bokiti mai lita 20 ya cika, za a iya ba ka, amma ka shuka dusa: wani zai yi nasa da baƙin ƙarfe da shuɗin ƙwallo ya wuce ka, ba ka da ta cewa. Idan kuma ka ce kana neman duk wata na'ura da ke tsayar da ruwa idan mazubi ya cika, jami'in tantancewa zai ɗauko maka tankin bayan gida ya ce an riga ka. Gwaninta ita ce da'awa ta farko ta yi faɗi iya inda abin da ya gabata ya bari, ba ta ambaci launi ko irin ƙarfe ba sai abin da dabarar ba ta tsayuwa sai da shi. Sai a biyo ta da ƙananan da'awowi, kowace tana ƙara ƙayyadewa, yadda in babbar ta faɗi za a sami wurin ja da baya.

Mataki na shida: shigarwa, da kalandar da ba ta jira

Babu takardar mallaka ta duniya baki ɗaya, duk wanda ya ce zai samo maka ita ka riƙe aljihunka. Kowace ƙasa da tata, sai ofisoshin yanki da suke rage wahala: EPO a Turai, OAPI mai mazauni a Yaounde wadda takardarta ɗaya take aiki a ƙasashe 17, da ARIPO a Harare.

Ranar da ka fara shigarwa ita ce ranar kama layinka. A ce mai famfo ya shigar a ƙasarsa ranar 10 ga Maris 2025. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba shi wata 12, zuwa 10 ga Maris 2026, ya shigar a wasu ƙasashe a ɗauka kamar tun ranar farko ya zo. In bai shirya zaɓen ƙasashe ba, sai ya bi ta yarjejeniyar PCT, wadda ƙasashe fiye da 150 suke ciki: buƙata ɗaya, kafin wata 12 ɗin su cika, ta riƙe masa wuri a dukkansu. Wajen wata na 16 zai sami rahoton bincike da ra'ayin masu tantancewa a rubuce, wanda zai nuna masa ko tafiyar ta cancanci ci gaba. A wata na 18, wato Satumba 2026, za a buga buƙatarsa kowa ya gani. A wata na 30, Satumba 2027, dole ya zaɓi ƙasashen da zai shiga ya biya kowace, da kuɗin fassara da na wakili. Wasu ofisoshi, har da na Turai, suna ba da wata 31. PCT ba ta ba da takarda, lokaci take saya maka, shekara biyu da rabi na neman mai zuba jari da gwada kasuwa. 'Yan wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da suka nema da sunan kansu ana rage musu kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarwar.

Rubuta waɗannan ranaku inda za ka riƙa ganinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wa'adin da ya kuɓuce da wuya yake dawowa. Wani abu kuma: da zarar an buga buƙatarka, sunanka da adireshinka sun fita, sai wasiƙu masu kama da na hukuma su fara zuwa suna neman kuɗin wata rajista. WIPO da kanta tana gargaɗi a kansu. Kada ka biya komai sai ka tabbatar daga ofis ko wakilinka.

Mataki na bakwai: muhawara da jami'in tantancewa

Wasiƙar farko daga ofis galibi ta ƙi ce, ko dai ta wasu da'awowin ko dukkansu. Kada gabanka ya faɗi, haka aka saba farawa. Jami'in zai lissafo takardun da yake ganin sun riga ka. Karanta kowace, ka nuna a rubuce abin da naka yake da shi wanda babu a cikinsu, ko ka tsuke da'awar. Ofisoshi da dama suna yarda a yi magana da jami'in kai tsaye, kuma hirar rabin awa takan warware abin da wasiƙa uku ba su warware ba. Mutanen nan masana ne a fanninsu. Albert Einstein ma irin aikin da ya yi ke nan a ofishin Bern na Suwizalan daga 1902 zuwa 1909.

Jiran yakan ɗauki shekaru, amma akwai gajerun hanyoyi da gwamnatoci suke buɗewa don jan hankali zuwa inda suke so. Birtaniya tun 2009 take gaggauta duba ƙirƙirar da ke amfanar muhalli, kuma famfon da ke hana ɓarnar ruwa yana da hujjar neman shiga wannan layi. Sai dai a sani, ba kowane ofishi ne yake tantance sabunta ba. Wasu takardu kawai suke dubawa su buga hatimi, a bar wa kotu sauran. Takardar da aka samu ta haka ba a san ƙarfinta ba sai ranar da aka ja da ita.

Bayan takarda ta fito

Ofis ba ɗan sanda ba ne. Ba zai zagaya kasuwa yana nemo masu kwaikwayonka ba, kai ne za ka sa ido, kai ne za ka kai ƙara. Ga kuɗin sabuntawa, a yawancin ƙasashe duk shekara kuma yana ƙaruwa, a Amurka sau uku: bayan shekara uku da rabi, bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi. Da gangan aka tsara haka, don wanda ba ya amfani da takardarsa ya sake ta jama'a su ɗauka. In ba ka da halin ƙerawa da kanka, ka ba wani lasisi yana biyanka. A Birtaniya da Jamus, wanda ya rubuta wa ofis cewa a shirye yake ya ba duk mai so lasisi ana rage masa rabin kuɗin sabuntawa. Gasa da lambobin yabo ma suna jawo idon masu jari: ofishin Turai yana karrama masu ƙirƙira tun 2006, ranar 26 ga Afrilu kuma ofisoshi da yawa suna shirya taruka da bita kyauta, domin ita ce ranar mallakar fasaha ta duniya.

Akwai ƙofa ɗaya da ta rage, wadda ko wanda bai taɓa neman takarda ba yana iya shiga. Buga buƙatu a wata na 18 gayyata ce ga jama'a su sa baki. A ofishin Turai kowa yana iya aika hujjar cewa abin da wani yake nema ba sabo ba ne, ba tare da biyan komai ba, kuma bayan an ba da takarda akwai wata tara na shigar da adawa a hukumance. Amurka da tsarin PCT su ma suna karɓar irin wannan bayani daga waje. A nan bidiyon da muka fara da shi yake iya komawa makami. A ce mai famfo ya riga ya ɗora shi, damar takarda ta wuce shi, sai bayan shekara biyu ya ga wani kamfani ya shigar da buƙata a kan irin maƙalewar bokitin nan tasa. Sai ya nemo lambar buƙatar, ya haɗa hotunan da ke nuna yadda na'urar take aiki, da adireshin bidiyon da shaidar ranar da aka ɗora shi, ya nuna da'awar da kowane hoto ya ci karo da ita, ya aika wa ofis kafin jami'in ya yanke hukunci.